Harajin Gida a Zangon Agege: A Biya ko a Ƙi?

Duk shekara akwai wata takarda da kan fito daga Ma'aikatar Kuɗi ta Jihar Legas da ke Alausa, ta bi unguwa-unguwa har ta iso Zangon Agege da Idi-Araba da Obalende. A kan miƙa ta ga wanda aka tarar a zaure, in ba a tarar da kowa ba a manna ta a jikin ƙofa. Takardar neman harajin gida ce, wanda gwamnati ke kira Land Use Charge. Da ta iso sai kan masu gidaje ya rabu. Wasu su ce a biya a huta, tunda ba a ja da hukuma a garin da ake yi maka kallon baƙo. Wasu kuma su ce ko sisi ba za su bayar ba, don ba su ga abin da aka yi musu da na bara ba, kuma maƙwabcin da bai taɓa biya ba ga shi nan yana barci a gidansa lafiya lau. Ni ina tare da masu cewa a biya, a kan lokaci, kuma da sunan da ya dace. Sai dai dalilinsu na "a biya a huta" bai gamsar da ni ba, domin tsoro ne tsagwaronsa, kuma hujjojin masu ƙin biya sun fi ƙarfin a yi watsi da su ba tare da an tsaya an duba ba.

Kafin 2001 mai gida a Legas yana iya fuskantar masu karɓa har uku: kuɗin ƙasa na jiha, harajin gini na ƙaramar hukuma, da kuɗin inganta unguwa. A shekarar, zamanin Gwamna Bola Tinubu, aka yi dokar da ta dunƙule ukun suka zama haraji ɗaya, jiha ta karɓa sannan ta raba da ƙananan hukumomi. A farkon 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ɗora lissafin a kan darajar gida a kasuwa, sai kuɗin ya yi tashin gwauron zabo, aka yi ca a kansa. A 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta sake dokar, ta mayar da ma'aunin harajin yadda yake kafin 2018, ta bar hanyar yi wa gida kuɗi yadda Ambode ya tsara, ta kuma yafe tarar shekarun 2017 da 2018 da 2019. Yadda ake lissafin ba wani asiri ba ne. A kan auna girman fili a yi masa kuɗi bisa darajar ƙasa a unguwar, a auna gini a yi masa nasa kuɗin tare da rage wani abu saboda tsufa, a haɗa biyun, a zubar da kashi 40 cikin 100 rangwame ga kowa da kowa, abin da ya rage shi ake ɗora wa haraji. A ma'aunin da aka sanar a 2020, gidan da mai shi ke zaune a ciki shi da iyalinsa kaɗai, naira 394 ce a kan kowace miliyan ɗaya. In yana zaune tare da 'yan haya, naira 1,320. In kuwa ba ya gidan sam, 'yan haya ne kawai, ko gidan na kasuwanci ne, naira 3,940. A ɗauki misalin gidan da aka yi wa kuɗi naira miliyan 50: bayan rangwame ya dawo miliyan 30, ke nan harajin shekara ko dai 11,820 ne, ko 39,600, ko 118,200. Gida ɗaya ne, fili ɗaya, amma tsakanin na farko da na ƙarshe ninki goma. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Hujjar farko ta masu ƙin biya ba a takarda take ba, a jini take. Bahaushe ya daɗe da ƙin jinin kalmar haraji, kuma yana da dalili. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa na sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai jangali da kuɗin gari. Turawa suka zo suka mayar da haraji ginshiƙin mulkin En'e, har ya kai talaka kan gudu ya bar gari in lokacin biya ya yi, ko a ƙwace akuyarsa, ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Shi ya sa da Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, mutane suka ɗauke shi tamkar ranar 'yanci, kuma dattawa da yawa a Agege sun ga wannan zamani da idonsu kafin su sauko kudu ko bayan sun sauko. Su ma mutanen Ikko ba baya ba ne wajen ƙi: a 1895 sun yi gangami suka hana gwamnan Turawa, Carter, kafa harajin gida da fili, a 1908 kuma suka tayar da ƙayar baya a kan kuɗin ruwan famfo da aka ce za a yi aikin ruwa na Iju da shi, nan kusa da Agege, suna cewa Turawa ne za su sha ruwan su kuwa su biya. Tarihin nan gaskiya ne, amma bai hau kan maganarmu daidai ba. Harajin da jam'iyyun NEPU da PRP suka yaƙa na kai ne, ana ɗora wa kowane baligi ko yana da abin hannu ko ba shi da shi, kuma masu karɓa ba wanda ya zaɓe su. Wannan kuwa a kan dukiya yake, mai babban gida a Ikoyi ya biya da yawa, mai ɗaki huɗu a Oniwaya ya biya kaɗan, wanda ba shi da gida ba a aiko masa takarda. In da a ce Malam Aminu Kano zai zaɓi irin harajin da ya fi kusa da adalci, da wuya ya tsallake wanda ke bin mai shi ya bar marar shi.

Wasu kan kawo maganar zakka, su ce Musulmi ya riga ya fitar da haƙƙin dukiyarsa. Wannan ba ta da nisa. Gidan da mutum ke zaune a ciki ba a fitar masa da zakka, kuma mutane takwas da aka ambata a Suratut Tauba su ne masu cin zakka, babu kwalbati ko motar kwasar shara a cikinsu. Kowane da muhallinsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta "me aka yi mana?". Wanda ya shiga lungunan Agege da damina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: kwata a toshe, ruwa na shiga ɗakuna, titunan cikin unguwa sun farfashe, ruwan sha sai na burtsatse ko na 'yan garuwa alhali matatar ruwan Iju da aka buɗe tun 1915 tana maƙwabtaka da su. Mai gida shi ke haƙa rijiyarsa, shi ke biyan masu kwasar shara, shi ke haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki 'yan sintiri, wani lokaci har kuɗin gyaran taransifoma. In ya ce ya riga ya biya harajinsa sau uku ta bayan gida, bai yi ƙarya ba. Amma in za a yi adalci, ba za a ce gwamnati ba ta taɓa Agege ba. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta sauƙaƙa cunkoson da a da kan cinye wa mutum rabin yini a mashigar jirgin ƙasa. A shekarar ce kuma jirgin zamani na Legas zuwa Ibadan ya fara aiki da tasha a Agege, sannan a 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari na Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo, shi ma yana tsayawa a Agege. Waɗannan ayyuka sun ɗaga darajar kowane taku na ƙasa da ke kusa da su, kuma mai gida bai ɗora ko bulo ɗaya ba aka ƙara masa wannan arziki. Asalin hikimar harajin gida ke nan a ko'ina cikin duniya: abin da jama'a suka kashe ya ƙara wa filinka daraja, ka mayar da ɗan wani abu. Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya shi ne, manyan ayyuka na bakin titi ne, lungu kuwa aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ba a bayyana wa mai biya nawa ne daga kuɗinsa ya dawo Ƙaramar Hukumar Agege ko yankin raya ƙasa na Orile-Agege, balle abin da aka yi da shi.

Nan ne maganar ta haɗu da tsarin mulki, kuma abin sha'awa, shari'ar da lauyoyi suka fi kafa hujja da ita daga Kano ta fito. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa ƙiyasta gidajen jama'a don ɗora musu haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Tun kafin nan, a 1998, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da kamfanin Knight Frank and Rutley ya kai gwamnatin Jihar Kano, ta ce jiha ba ta da hurumin ba da kwangilar ƙiyasta gidaje, domin aikin na ƙananan hukumomi ne. Legas ta kauce wa wannan da dabara: dokarta ta ce ƙananan hukumomi na iya wakilta jiha a rubuce ta yi musu aikin. Har gobe akwai lauyoyin da ke cewa aikin da tsarin mulki ya ɗora maka ba ka da ikon miƙa shi ga wani, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙwarin gwiwa. Ina ganin ƙorafin yana da tushe. Amma mai gida a Zango ya tambayi kansa abin da zai samu in an rushe tsarin. Harajin ba zai ɓace ba, hannu kawai zai sauya, a koma zamanin da yaran kansila ke yawo da rasit ƙofa-ƙofa, kowa da farashinsa. Kuma muddin kotu ba ta soke doka ba, tana aiki a kan kowa. Gardamar wa ya kamata ya karɓa, a kotu da majalisa ake yin ta, ba ta zama lasisin ajiye takarda a ƙarƙashin katifa ba.

Hujjar da na fi jin nauyinta ba a cika faɗin ta da ƙarfi ba, ita ce ta gidan gado. Hausawa sun kafu a Agege fiye da shekara ɗari, tun da layin dogo daga Iddo ya ratsa ta wajen a farkon ƙarnin da ya wuce ya kuma isa Kano a 1911, fataucin goro da na shanu ya zaunar da su. Gidaje da yawa a Zango na kakanni ne, irin masu ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa. Alhajin da ya gina ya rasu, an yi rabon gado ko ba a yi ba, magada sun kai ashirin, wasu na Kano, wasu na Katsina, wasu na Sakkwato, gwaggo ɗaya ce ko ƙane ɗaya ke zaune a ɗaki biyu yana karɓar hayar sauran yana rabawa. Irin wannan gida darajarsa a fili take, ginin kam ya gaji. Jirgin ƙasa ya ɗaga kuɗin filin, amma ɗan haya mai sayar da shayi ko mai tura baro kuɗin shigarsa bai ɗagu ba, don haka haya ba ta bin darajar fili. Ga shi kuma in ma'aikacin da ya zo ƙiyasi ya tambaya aka ce masa mai gidan ya rasu, ko yana arewa, abu ne mai sauƙi ya jefa gidan a rukunin da mai shi ba ya ciki, wato ninki goma ɗin nan. Sai takarda ta zo da sunan mamaci, ko ma ba suna sai "mai gida", kowane magaji ya ce ba shi aka aiko wa ba, bashi ya yi ta taruwa. In kuma an biya, a ƙarshe ɗan haya ne zai ji a jikinsa ranar sabunta haya. Wannan aibi ne na gaske a dokar. An tsara ta da tunanin gida mai mutum ɗaya da takardar shaidar mallaka ɗaya, alhali tsoffin unguwannin Legas, na Hausawa da na Yarbawa duka, ba haka suke ba.

To amma maganin wannan aibi yana hannun wanda ya je ofis, ba wanda ya ɓuya ba. Dokar ta ba da damar ƙalubalantar ƙiyasi ko rukunin da aka sa gida, akwai kotun sauraron ƙorafi ta musamman, kuma wa'adin shigar da ƙorafi kwana 30 ne daga samun takarda. Magajin da ke zaune a gidan yana da hujjar neman a mayar da shi rukunin mai gida da 'yan haya, wanda a misalinmu na ɗazu ya rage kuɗin daga 118,200 zuwa 39,600, sai dai ba da fatar baki ba, sai da takardar gado da shaidar zama. Dokar 2020 ta yafe harajin gidan da ɗan fansho ya mallaka yake kuma zaune a ciki, ta faɗaɗa ma'anar ɗan fansho ta haɗa da duk wanda ya kai shekara 60 ya daina aiki ko sana'ar samun kuɗi, ke nan tsohon ɗan kasuwar goro da bai taɓa aikin gwamnati ba ya shiga ciki. (Ko da yake ɗan kasuwar Bahaushe ba ya yarda ya daina fita kasuwa sai ƙafa ta ƙi, wannan kuma tsakaninsa da gaskiyarsa.) Masallatai da makarantun addini da maƙabartun jama'a su ma an yafe musu, matuƙar ba a mayar da wurin na neman riba ba, abin da ya kamata kwamitocin masallatan da suka jera shaguna a gaba su lura da shi. Duk waɗannan sassauci ba sa zuwa da kansu, nema ake yi. Wanda ya ƙi karɓar takarda ya yafe su ke nan da hannunsa, ya kuma jawo tara: kashi 10 cikin 100 in an wuce kwana 45, kashi 20 bayan kwana 75, kashi 50 bayan kwana 105, in aka haura kwana 135 kuma gwamnati na da ikon bin matakan doka a kan gidan. Wanda ya biya da wuri kuwa ragin kashi 15 ake yi masa.

Masu ƙi za su ce, ai rasit ba ya tare katafila. Za su tuna da wa'adin kwana 14 da aka ba mazauna Alaba Rago su tashi a 2022, da hana acaɓa da ya fi shafar 'yan arewa, su ce gwamnatin da ke ganin ka baƙo ranar rusau ba ta da bakin kiran ka ɗan gari ranar haraji. Zafin maganar a fili yake, kuma gaskiya ne rasit ɗin haraji ba takardar mallaka ba ce. Duk wanda ya ce wa mutane biyan haraji ya mallaka musu fili ya yaudare su. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, yana kuma iya karɓe fili don amfanin jama'a. Amma a bi hujjar zuwa ƙarshenta. Ranar da aka zo biyan diyya, ko ranar da wasu 'yan asalin gari suka taso da cewa filin na kakansu ne, abin da ake tambaya shi ne shaida. Tun 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, ciki har da daɗewa ana riƙe da wuri da yin ayyukan da mai abu ne kaɗai ke yin su. Rasit na shekara da shekaru, da sunan mutum da adireshin gidan, daga gwamnatin jihar kanta, yana cikin abin da lauya zai so ya riƙe a hannu a irin wannan rana. Haka nan mai neman izinin gini ko amincewar gwamna a kan cinikin gida za a nemi ya nuna ya biya. Wanda aka fi yi wa gorin baƙunci shi ya fi kowa bukatar sunansa ya zauna daram a kundin hukuma. Bayerabe ɗan Agege da ya ƙi biya yana da dangi da sarauta da tarihin gida da za su tsaya masa. Jikan fatake da ya ƙi biya ya rage wa kansa ɗaya daga cikin 'yan shaidun da yake da su.

Abin da ya faru a 2018 ya isa darasi a kan wa ake saurara. Da harajin Ambode ya fito, ƙungiyar lauyoyi reshen Ikeja ta fito zanga-zanga, masu masana'antu da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata suka ƙi amincewa a fili, suna riƙe da takardun bara da na bana suna nuna bambanci. Kafin ƙarshen watan Maris gwamnati ta rage kashi 50 ga gidajen kasuwanci, kashi 25 ga masu zama da 'yan haya da masana'antu, kashi 15 ga masu zama su kaɗai. A watan Oktoba Ambode ya faɗi zaɓen fid da gwani, kuma ko da yake dalilan faɗuwarsa suna da yawa, magajinsa bai yi shekara biyu ba ya sauke ma'aunin. A lura da wanda ya fi samun ragi: waɗanda suka fi haɗa kai, suka fi biya, suka fi iya lissafi. Miliyoyin da suka yi shiru suka ƙi biya ba su ne suka sauya dokar ba. Kuma Mudashiru Obasa, wanda ya shugabanci majalisar da ta zartar da dokar 2018 da ta 2020, ɗan majalisa ne mai wakiltar Agege, ƙuri'un Zango na cikin waɗanda ake ƙirgawa a mazaɓun yankin. Da wuya a sami wata unguwar Hausawa a kudu da ke kusa da inda ake rubuta doka kamar haka.

Don haka hukuncina bai sauya ba, amma da sharaɗi a kan kowane ɓangare. Mai gida ya karɓi takardarsa ya karanta, ya duba suna da girman fili da rukunin da aka sa shi, ya biya ta banki ko ta intanet da lambar da ke jikin takardar, kada ya miƙa wa kowa tsabar kuɗi a ƙofar gida ko da ya zo da kati a wuya, ya kuma adana rasit tare da takardun gida. Magada su zauna su naɗa wakili ɗaya a rubuce, a fitar da harajin daga kuɗin haya kafin a yi rabo. Gwamnati kuma ana bin ta bashin abu biyu: ta riƙa wallafa abin da aka tara a kowace ƙaramar hukuma da abin da aka mayar mata, ta kuma yi wa gidajen gado rukuni na musamman maimakon auna su da ma'aunin gidajen da aka gina don kasuwanci. Waɗannan buƙatu ba za su isa Alausa daga bakin mutum ɗaya ba. Fadar Sarkin Hausawan Agege da takwarorinta na Idi-Araba da Mile 12, da limaman Juma'a, da matasanmu da suka karanta lauya da safiyo da akanta, su ware rana a kowace shekara idan takardu sun fito, a tara su wuri ɗaya, a duba wa tsofaffi da zawarawa da marayu nasu, a shigar da ƙorafin waɗanda aka yi wa kuskure a tare. A yi shi cikin makon da takardun suka iso, domin wa'adin ƙorafi kwana 30 ne kacal.